Ɗan Sandan Fadama: Wa Ke Zuba Masa Mai?



'Yan uwana matasa, duk lokacin da aka yi shelar ɗaukar sababbin 'yan sanda, tambaya ɗaya ce take yawan zuwa mini daga waɗanda na karantar a Islamiyya: Malam, anya wannan aiki ya dace da mai tsoron Allah? Amsata ita ce ya dace, domin tsare jini da dukiyar mutane babban aiki ne. Sai dai ina so mai tambaya ya san abin da zai tarar, musamman idan aka turo shi nan ƙasar Haɗejiya.

Masarautarmu ƙananan hukumomi 8 ce, kuma aikin ɗan sanda a cikin gari daban yake da na Guri ko Kiri Kasamma. A can, wahalar takan zo ne da kaka, lokacin da shinkafa ta nuna, shanu kuma suka fara gangarowa fadama. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta canza, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, gonaki da makiyaya suka ƙuntata, aka nome burtali a wurare da dama. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ɗan sanda ya haddasa, amma ranar da aka fito da sanduna da kibau, shi ake kira. Wani lokaci cikin dare ne, ruwa ya yanke hanya, sai an nemi kwalekwale. Ya isa ya tarar da manomi yana kuka a kan gumin shekara guda, makiyayi kuma yana rantsuwa cewa kakansa ma ta nan yake bi.

A nan ne jarrabawar take, kuma a ganina ta fi bakin bindigar ɗan fashi haɗari. Sanannen abu ne a ƙasar nan cewa sau da yawa mai kai ƙara shi ake cewa ya kawo kuɗin mai, wani lokaci har da kuɗin takarda. Ku duba da kyau. Idan manomi ne ya zuba mai a motar, da wane ido makiyayi zai kalli waɗanda suka sauko daga cikinta? Idan kuwa makiyayi ya sayar da ɗan maraƙi ya riga shi, to manomin ya san matsayinsa tun kafin a buɗe baki. Ko da jami'in mutumin kirki ne, an riga an saka masa takunkumi, domin da wuya mutum ya yi hukunci a kan wanda ya ɗauki nauyin tafiyarsa. Talakan da ba shi da ko sisi kuwa, sai ya haɗiye, ko ya ɗauki doka a hannunsa, kuma daga nan ne ake fara ƙirga gawarwaki.

Ba ina wanke mai karɓar na goro a shingen hanya ba ne. Cin hanci haramun ne ko albashi ya isa ko bai isa ba. Amma adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. A watan Fabrairu na 2002 ƙananan 'yan sanda sun yi yajin aiki a kan haƙƙoƙinsu, a watan Yuli na 2025 kuma tsofaffin 'yan sanda suka fito zanga-zanga a Abuja a kan fansho. Matashin da ya sa kaki yana ganin ƙarshen magabatansa da idonsa.

Mu ma jama'a muna da namu. A daren 15 ga Oktoba, 2024, da tankar mai ta faɗi a Majiya, a kan hanyar Kano zuwa Haɗejiya, 'yan sanda sun yi ƙoƙarin korar masu kwasar fetur, aka fi ƙarfinsu. Wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Ranar da ɗan sanda ya faɗi gaskiya ma, ba a saurare shi ba, kuma ina zargin cewa shekarun da aka yi ana raina maganarsa suna da hannu a ciki.

Saboda haka wanda ya yi niyyar shiga, ya shiga da saninsa. Ya san cewa beli kyauta ne, kuma sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Ya koyi Fulatanci ko da na gaisuwa ne, ya san Arɗo kamar yadda ya san Bulama. Mu kuma da muke waje, idan 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a a Guri ko Birniwa, mu tambaye su lita nawa ake ba ofishin 'yan sandan yankin a wata, kuma a hannun wa take tsayawa.