Buhu mai tsada ko wake mai guba?

Ka san yadda ake yi da kaka a Funtuwa, Bakori da Malumfashi: a zuba wake a buhu, a yayyafa masa fiya-fiya, a ɗinke, a jira farashi ya tashi. Buhun da araha kam, amma wa zai ci waken? Ni da kai. Ragowar irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Akwai mafita, wato buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure kowanne tam, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da ko ɗigon magani ba.

To me ya hana kowa saye? Kuɗi mana. Ya fi buhun gama-gari tsada, kuma manomin da bashin taki ke kansa lissafin yau yake yi. Ɓera ya huda shi, shikenan. Sannan shi ma leda ne. In ya tsufa, ƙonawa ake yi ko a yar a bola.

Amma ka yi lissafin da kyau. Buhun da aka kula da shi yana kai kaka biyu ko uku, ba kuɗin magani, ba asarar wake. Araha ba ta ado. Kafin a ɗinke buhunan gidanku bana, tambayi Baba me aka zuba a ciki.