Takardar shaidar gwajin manhaja: a biya ko a dakata?

'Yan kasuwar Magarya da Dungas, kafin ku zuba kuɗin riɗi a jarrabawar ISTQB don ɗanku ya zama mai gwajin manhajar kwamfuta, ku dakata tukuna. Wannan ƙungiya da aka kafa a 2002 tana ba da takardar matakin farko ga wanda ya ci tambaya 26 cikin 40, kuma amsa ake zaɓa kawai. Ke nan yaro zai iya ci da hadda, bai taɓa gano kuskure ko ɗaya ba.

Gaskiya ne takardar takan taimaka a kira shi ganawa a Yamai ko Kano. To amma can ana iya ɗora masa manhajar aika kuɗi, a ce ya nemo inda take ɓata lissafi. Ya fara koyon wannan a hannun masu aikin, ko da kyauta ne, sannan ku biya.