Maganaɗisu da Gashin Sankara: Nauyin da ke Kan Mai Fassara

A bakin Bahaushe, duk maganin sankara da ake yi da haske mai ratsa jiki sunansa gashi. Majinyacin da ya taso daga Achilafiya ta Ƙaramar Hukumar 'Yankwashi ya nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kalmar da ya sani ke nan. Amma a duniyar likitanci gashi ya kasu kashi-kashi, har ana nazarin abin da maganaɗisu ke yi wa ƙwayoyin jiki yayin da ake gasa su. Ya dace manazarta Hausa su tanadi kalmomin wannan fage tun kafin labarin ya shigo kafafen yaɗa labarai a gurguje.

A shekarar 1946 Robert Wilson, masanin kimiyya ɗan Amurka, ya ba da shawarar a yi gashi da ƙwayoyin firoton. Fifikonsu shi ne suna sauke mafi yawan ƙarfinsu a daidai inda suka tsaya, saboda haka naman da ke bayan ƙari yakan tsira. An fara gwadawa a kan majinyata a Bakili ta Amurka a 1954, sannan a 1994 aka fara gashi da ƙwayoyin kabon a Chiba ta Japan.

Maganaɗisu ya shigo ne ta ƙofar hoto. Likita na son ganin ƙarin a lokacin da yake gasa shi, domin numfashi kaɗai kan gusar da shi, kuma na'urar hoton MRI da maganaɗisu take aiki. Sai dai firoton yana ɗauke da cajin lantarki, don haka maganaɗisu kan karkatar da shi daga hanyarsa, ya kuma karkatar da ƙwayoyin lantarkin da yake fisgowa a cikin nama. Waɗannan ƙwayoyi suna cikin abubuwan da ke tsinka zaren gado na DNA, wanda tsinkewarsa ke kashe ƙwayar sankara.

A 2019 Taku Inaniwa da abokan aikinsa a Japan sun ba da rahoton cewa ƙwayoyin jiki da aka reno a ɗakin gwaji sun fi mutuwa idan ƙarfin maganaɗisun ya bi layi ɗaya da hasken kabon, amma ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba idan ya gitta shi. Ƙarfin da suka yi amfani da shi bai kai tesla 1 ba, duk da haka ya ninka na doron ƙasa sau dubbai. Har yanzu masana suna tafka muhawara a kan dalilin hakan.

Nan ne nauyi ya hau kan mai fassara. Idan aka taƙaita wannan bincike da cewa maganaɗisu yana kashe sankara, an miƙa wa masu tallan awarwaron maganaɗisu hujjar da ba tasu ba, kuma majinyaci zai iya jinkirta zuwa asibiti har cuta ta ci ƙarfinsa. Binciken ya ginu ne a kan sharuɗɗa uku: dole a haɗa da haske, dole a lura da alkibla, kuma a kan ƙwayoyin gwaji aka yi shi, ba a kan majinyata ba. Fassarar da ta zubar da ɗaya daga cikinsu ta ci amanar mai karatu.

Wani zai ce Nijeriya ba ta da na'urar firoton, don haka gaggawar me ake yi? Ai labari yakan riga na'ura isowa, kuma kalmar da ta fara zama a baki tana da wuyar tumɓukewa. Cibiyar Jami'ar Bayero da ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006 tana da gogewar da za ta zauna da likitocin sankara da masana kimiyyar lafiya, a bambanta gashin haske da gashin ƙwayoyi, a kuma daidaita sunan alkiblar maganaɗisu. Da haka ɗan Achilafiya zai fahimci takardar amincewar da ake nema ya sa wa hannu.