Kare kai ko dogaro ga Allah: Muhawarar da ta raba kan Kiristocin Najeriya

Hare-haren da ake kai wa majami'u da ƙauyuka a sassan Najeriya sun sake tayar da wata tsohuwar muhawara a tsakanin mabiya addinin Kirista: shin mai imani zai ɗauki makami ya kare kansa ne, ko kuwa zai miƙa al'amarinsa ga Allah ya jira hukuncinsa?

Muhawarar ta ƙara zafi a shekarar 2025, bayan kisan mutane fiye da ɗari a garin Yelwata na jihar Binuwai a watan Yuni, da kuma harin da 'yan bindiga suka kai wata majami'a a garin Eruku na jihar Kwara a watan Nuwamba, inda suka yi awon gaba da masu ibada 38.

Sai dai tambayar ta girmi waɗannan hare-hare da ɗaruruwan shekaru, kuma amsar da kowace ɗarika take bayarwa tana da nasaba da yadda ta fahimci ma'anar ceto.

Cocin da ya ƙi ɗaukar makami

Da wuya a samu inda aka jarraba wannan aƙida kamar yankin kudancin Borno da arewacin Adamawa, cibiyar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wadda aka fi sani da EYN.

Asalin wannan coci ya samo ne daga ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus, inda a shekarar 1708 wasu mutane takwas ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack suka ware daga manyan majami'un da hukuma ke mara wa baya. Daga cikin ginshiƙan koyarwarsu akwai ƙin shiga yaƙi da ƙin rama mugunta. Tsangwama ta sa akasarinsu suka yi hijira zuwa Amurka.

A shekarar 1923 ne wasu 'yan mishan biyu na wannan ɗarika, Stover Kulp da Albert Helser, suka isa garin Garkiɗa, suka gudanar da ibadarsu ta farko a gindin wata tsamiya. Daga nan aikin ya bazu zuwa ƙasashen Bura da Margi da Kilba da Higi da Chibok, tare da makarantu da asibitoci. A yau mabiya cocin a Najeriya sun ninka na uwar cocin da ke Amurka sau da dama.

Wannan yanki ne ƙungiyar Boko Haram ta mayar fagen daga. Akasarin 'yan mata 276 da aka sace daga makarantar Chibok ranar 14 ga watan Afrilun 2014 'ya'yan wannan coci ne. A ƙarshen watan Oktoban shekarar kuma mayaƙan suka mamaye hedikwatar cocin da ke Kwarhi, kusa da Mubi, abin da ya tilasta wa shugabanninsa komawa Jos na wani lokaci.

A shekarar 2020, shugaban cocin na lokacin, Rabaran Joel Billi, ya shaida wa manema labarai cewa an kashe mabiyansu fiye da 8,300, an raba sama da 700,000 da muhallansu, an kuma ƙona ko rusa majami'u kimanin 300 daga cikin 586.

Duk da wannan asara, shugabannin cocin ba su kira mabiyansu su ɗauki makami ba. Sun nemi a yi azumi da addu'a, sun matsa wa gwamnati lamba ta sauke nauyin da ke kanta, sun kuma ci gaba da aikin sasantawa da maƙwabtansu Musulmi. A kan haka ne a shekarar 2016 aka ba cocin, tare da wata ƙungiyar haɗin gwiwar Kiristoci da Musulmi da ya kafa, lambar yabo ta zaman lafiya ta Michael Sattler a Jamus.

Mene ne hujjarsu?

Ga wanda ba Kirista ba, wannan matsayi kan yi kama da miƙa wuya ga azzalumi. Masu riƙe da shi kuwa suna ganin sa a matsayin abin da imani ya wajabta.

Kiristoci sun yi imani cewa ceto kyauta ce daga Allah ta hanyar Yesu Almasihu, wanda a aƙidarsu ya yarda aka kama shi aka gicciye shi ba tare da ya yi turjiya ba, sannan ya tashi daga matattu. Masu ƙin ɗaukar makami suna cewa tun da ta wannan hanya ceto ya zo, to mutuwa ba ita ce babbar asarar mai bi ba. Babbar asara ita ce ya tsira da ransa ta hanyar saɓa wa koyarwar da ya yi imani da ita.

Sukan kafa hujja da huɗubar da ke cikin Linjilar Matiyu, inda aka umarci mabiya su ƙaunaci maƙiyansu kuma kada su rama mari, da kuma labarin daren da aka kama Yesu, lokacin da ya hana ɗaya daga cikin almajiransa amfani da takobi. Sukan kuma ambaci Zabura da littafin Annabi Ishaya, inda aka yi gargaɗi a kan dogaro da dawakai da karusan yaƙi maimakon Ubangiji.

Misalin da mabiya EYN suka fi tunawa shi ne na Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, a ƙaramar hukumar Michika, wanda Boko Haram ta kama a farkon watan Janairun 2020. A wani faifan bidiyo da masu tsare da shi suka fitar, ya bayyana cewa bai karaya ba domin komai yana hannun Allah, ya kuma roƙi iyalinsa da abokan aikinsa kada su yi kuka idan ba a ƙaddara za su sake saduwa ba. An kashe shi ranar 20 ga watan.

Masu cewa a kare kai

Amma majami'un da ke ƙin yaƙi baki ɗaya 'yan tsiraru ne a duniyar Kiristanci. Cocin Katolika da akasarin manyan majami'un Furotesta sun bi koyarwar malamai irin su Augustine da Thomas Aquinas, waɗanda suka halatta amfani da ƙarfi bisa wasu sharuɗɗa. A koyarwar Katolika, kare kai halal ne, kuma yana iya zama wajibi a kan wanda aka ɗora wa alhakin rayukan wasu.

Masu wannan ra'ayi su ma suna da nasu ayoyin. Sukan ambaci Linjilar Luka, inda aka yi zancen sayen takobi, da kuma labarin Nehemiya, wanda ya sa magina ganuwar birnin Ƙudus suka yi aiki da makamansu a kusa da su, alhali suna addu'a.

Wannan murya ta fito fili bayan harin bam da aka kai cocin Katolika na Saint Theresa da ke Madalla, kusa da Abuja, ranar Kirsimetin 2011. Shugaban CAN na lokacin, Fasto Ayo Oritsejafor, ya yi gargaɗin cewa Kiristoci za su kare kansu muddin hukuma ta gaza.

A watan Maris na 2018, tsohon ministan tsaro Janar Theophilus Danjuma ya yi irin wannan kira a Jalingo, inda ya zargi sojoji da haɗa baki da mahara, zargin da rundunar sojan ta musanta. Ya maimaita kiran a shekarar 2025.

Hujjar wannan ɓangare ita ce mutum yana da ikon yafe abin da aka yi wa kansa, amma ba shi da ikon zuba ido a yanka 'ya'yansa da sunan haƙuri. A ganinsu, rayuwa amana ce, kuma tsare ta wani ɓangare ne na biyayya ga Allah.

A aikace, majami'u da dama sun bi tsaka-tsaki. Tun bayan hare-haren 2011 da 2012, ya zama ruwan dare a ga shingaye a ƙofar coci ranar Lahadi, da matasa riƙe da na'urar binciken jiki, da 'yan sanda a bakin titi. Harin da aka kai cocin Saint Francis na garin Owo a jihar Ondo ranar 5 ga watan Yunin 2022, inda aka kashe kimanin mutane 40, ya sa majami'un kudancin ƙasar su ma suka ƙara tsaurara matakan tsaro.

Dogaro da ƙasashen waje

A baya-bayan nan muhawarar ta ɗauki sabon salo, domin kariyar da ake magana a kai ta wuce bindigar mutum ɗaya ta kai ga ƙarfin wata ƙasa.

A watan Maris na 2025, Bishop Wilfred Anagbe na Makurdi ya ba da bahasi a gaban wani kwamitin majalisar dokokin Amurka, yana neman a matsa wa Najeriya lamba. A ƙarshen watan Oktoba Shugaba Donald Trump ya mayar da ƙasar cikin jerin waɗanda Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, ya kuma yi barazanar ɗaukar matakin soja. Ranar Kirsimeti sojojin Amurka suka kai hari ta sama a jihar Sakkwato, harin da gwamnatin Najeriya ta ce an kai shi da amincewarta.

Kan shugabannin Kiristoci ya rabu a kan wannan ma. Wasu sun ɗauki matakin na Amurka a matsayin amsar addu'a. Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato kuwa ya yi gargaɗi tun a watan Oktoba cewa sanya Najeriya a wannan jeri zai iya dagula ƙoƙarin fahimtar juna tsakanin addinai, matsayin da ya jawo masa suka daga wasu 'yan'uwansa Kiristoci.

Masu ɗari-ɗari da lamarin suna tunatarwa cewa Amurka ta taɓa sanya Najeriya a jerin a watan Disambar 2020, sannan wata gwamnatin ta cire ta a watan Nuwamban 2021. Kariyar da ke sauyawa duk lokacin da aka yi zaɓe a Washington, in ji su, ba abin jingina ba ce.

Matsalar kowa da kowa

Wannan tsaka mai wuya ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Malamai sun daɗe suna bayanin alaƙar tawakkali da riƙo da sababi, suna kafa hujja da hadisin da ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

Su ma masallatai ba su tsira ba. Harin da aka kai babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga watan Nuwamban 2014 ya halaka mutane fiye da ɗari. Matasan Maiduguri sun kafa rundunar 'yan ƙato da gora a shekarar 2013, yayin da gwamnatin Zamfara a shekarar 2022 ta nemi jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga.

Abin da ya biyo baya a arewa maso yamma darasi ne ga duk mai kiran a ɗauki makami. An zargi 'yan sa-kai da kashe Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba, abin da masana harkar tsaro da dama ke ganin ya rura wutar ramuwar gayya. Kundin tsarin mulkin 1999 ya amince da kare kai, amma dokar mallakar bindiga ta taƙaita wanda zai riƙe makami, kuma wanda ya ɗauki bindiga domin tsare ƙauyensu yau, ba a da tabbacin inda zai nufa da ita gobe.

Fasto James Wuye na Kaduna ya ɗanɗana wannan. Ya jagoranci matasan Kiristoci masu ɗauke da makamai, ya kuma rasa hannunsa a rikicin 1992. Daga baya ya haɗa kai da tsohon abokin gabarsa, Imam Muhammad Ashafa, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a shekarar 1995.

Ita ma hanyar haƙuri tana da nata tsadar. Dubban mabiya EYN sun shafe shekaru a sansanonin gudun hijira a Kamaru da wasu jihohin Najeriya, kuma an ci gaba da kai hari garuruwansu, ciki har da Garkiɗa kanta a watan Fabrairun 2020. Ba kowane matashi da aka kashe wa iyaye ba ne zai gamsu da wa'azin yafiya.

Inda ɓangarorin biyu suka haɗu shi ne a kan alhakin hukuma. Masu ƙin ɗaukar makami da masu kiran a kare kai duka sun yarda cewa gwamnati ce aka ɗora wa nauyin tsare rayuka, kuma gazawarta ce ta jefa talaka cikin wannan zaɓi. Muddin mahara za su iya shafe sa'o'i a cikin ƙauye kafin jami'an tsaro su iso, limaman coci da na masallaci za su ci gaba da fuskantar wannan tambaya daga bakin mabiyansu.