Dabara da ƙarfi a wasan futsal

Futsal wani irin ƙwallon ƙafa ne da ake yi cikin babban zaure. Wani malamin wasanni mai suna Juan Carlos Ceriani ne ya ƙago shi a Montebideyo, babban birnin ƙasar Urugwai, cikin shekarar 1930. Kowane ɓangare mutum 5 ne, har da mai tsaron gida. Tsawon fili mita 40 ne, faɗinsa mita 20. Ana wasa minti 20, a huta, a ƙara minti 20. Ƙwallon ƙarami ne, ba ya yawan tsalle.

Wasu masu horo suna cewa ƙarfi tukuna, dabara daga baya. Sai su sa yara su yi ta zagaya fili da gudu, ƙwallo yana ajiye a gefe. Wannan kuskure ne.

Gudun futsal dabam yake. Ɗan wasa yakan zabura, ya tsaya cak, ya juya, ya sake zabura. Dogon gudu a hankali ba ya koya wa ƙafa wannan. Yaro yana iya zagaya fili sau goma, amma in an shiga wasa, cikin minti kaɗan ya fara haki.

Horon dabara shi ne koya wa ɗan wasa inda zai tsaya, da wanda zai miƙa wa ƙwallo, da inda zai nufa bayan ya miƙa. Ga misali. Malam ya ɗauki rabin fili, ya sa yara 3 su kai hari, 2 su tare su. Doka ita ce: kada kowa ya taɓa ƙwallo fiye da sau biyu, kuma wanda ya miƙa ya bar wurinsa nan take. Kafin minti 3 duk sun jiƙe da gumi, zuciya tana bugawa kamar ta mai tsere. Ban da haka, kowa ya taɓa ƙwallo sau da yawa. Ya koyi taka shi da tafin ƙafa, ya koyi ɗaga kai ya dubi abokansa. Aiki ɗaya ya ba da ƙarfi da gwaninta tare.

Dabara kuma tana tanadin ƙarfi. Ƴan wasan da suka san wurarensu sukan bar ƙwallo ya yi gudun, domin ƙwallo ba ya gajiya. Waɗanda ba su sani ba sukan bi shi dami guda, kamar kaji sun ga tsaba, su gaji a banza. Ga shi kuma in ƙwallo ya fita, daƙiƙa 4 kawai doka ta ba da a maido shi. Wanda bai yi shiri tun wajen horo ba, ba shi da lokacin tunani.

Ba a ce gudu ba shi da amfani ba. Yana buɗe ƙirji, yana shirya jiki. Haka kuma malamin da ya tsayar da yara rabin awa yana zane a allo bai yi horon dabara ba, ya yi surutu ne. Bayani ya zama gajere, wasa ya yi yawa.

Ƙasar Maroko ta ɗauki kofin futsal na Afirka a 2016, da 2020, da 2024, duk a hannun mai horo guda, Hisham Dagig. Ƙungiyar da ta daɗe kan tsari ɗaya, kowa ya san tafiyar ɗan'uwansa.

Makaranta ba ta bukatar babban zaure kafin ta gwada wannan. Farfajiya mai tsabta, da ƙwallo guda, da duwatsu huɗu na alamar gida sun isa. A raba yara biyar-biyar, a ba kowa wurinsa, a riƙa sauya su don kada wani ya daɗe a tsaye.