Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Gundumomin Agiye, Gazawa Da Gidan Rumji Kan Wayoyin Motocin Akori-Kura

Ranku ya daɗe,

Na rubuto muku ne a kan akori-kura, motar da talakanku ya fi shiga, kuma a kan ɓangarenta da ba a cika dubawa ba, wato wayoyin wutarta.

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa gundumominku uku: daga Gidan Rumji zuwa Tsibiri, ta shiga Maraɗi, ta fito Cadawa, Agiye, Gazawa, ta wuce Tasawa. Manyan motocin safa na bin kwaltar nan su wuce abinsu. Amma da zarar an sauka cikin rairayi, zuwa Gangara ko Gidan Sori ko Saye Sabuwa, sai akori-kura: tsohuwar Peugeot 504, ko Hilux da ta sha hannu, ko Land Cruiser da wata ma'aikata ta gaji da ita ta sayar. Ita ke kwaso aya da gyaɗa da wake ranar kasuwa, mutane na zaune bisa buhuna. Ita ke kai amarya. Idan naƙuda ta yi wa mace gardama da tsakar dare, sau da yawa ita ake bugun ƙofar mai ita a tayar.

Ku sa a buɗe muku bakin ɗaya daga cikinsu a kowace tasha, ku duba akwatin fis. Fis ɗan ƙarfe ne siriri da aka yi shi don ya ƙone kafin waya ta ƙone, kuma kowane da ƙarfinsa: ja na amfiya 10, shuɗi na 15, rawaya na 20. Idan ya tsinke, sau da yawa yana faɗa wa direba ne cewa akwai inda waya ta goge ta taɓa ƙarfe. Abin da aka saba yi shi ne a zare silin jan ƙarfe daga wata waya, ko takardar azurfa ta kwalin sigari, a naɗa a mayar. Fitila ta kama, kowa ya ce alhamdulillahi, aka ci gaba da tafiya. Sai dai daga wannan rana babu abin da ya rage tsakanin batir da gobara. Batir mai bolt 12 ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi, alhali yana iya tura ɗaruruwan amfiya cikin wayar da ta haɗu da jikin mota, ta yi ja, robarta ta narke cikin ƙiftawar ido.

Sauran ma duk an san su. Waya biyu a murɗe su da hannu a ɗaure da tsinken leda. Kan batir ya yi sako-sako a buga masa ƙusa. Batirin kansa babu abin da ya riƙe shi, yana tsalle cikin gargada har kansa ya dungure ƙarfe. Sannan ƙare-ƙaren zamani: ƙaton rediyo, fitilu masu kashe ido, wurin cajin salula goma, duk an jawo su kai tsaye daga batir ba fis. Zafin bazara na busar da robar waya ta tsattsage, ƙurar hunturu ta shiga ko'ina, damina ta zo ta jiƙa. A bayan wannan mota kuwa akwai jarkokin fetur na ruwa-ruwa, wani lokaci ƙarƙashin ƙafar yara. Tururin fetur tartsatsi ɗaya yake jira.

Kada a ɗauka wannan ciwo na tsofaffin motoci ne kaɗai. A shekarar 2005 kamfanin Ford na Amurka ya kira miliyoyin motocinsa a mayar da su gareji, ciki har da akori-kurarsa F-150, saboda wani ɗan makunni da ke kama wuta ko da mota na ajiye an kashe ta. A can kamfani na rubuta wa mai mota wasiƙa, a gyara masa kyauta. Motar da ta ratso tashar jirgin ruwa, ta bi hannun mutum uku ko huɗu kafin ta iso Gazawa, babu kamfanin da ya san inda take. Idan ba ku ba, babu mai dubanta.

Na san ana bincike a kan hanya, kuma ban raina aikin jandarmomi da ƴan sanda ba. Amma binciken ya fi karkata ga takardu: lasisi, inshora, takardar bizit. Takarda na iya cika, mota kuma ta fita da fitila guda. Duk wanda ya saba tafiyar dare tsakanin Cadawa da Agiye ya san yadda fitila ɗaya ke ruɗin mai babur, ya zaci ɗan'uwansa ne, ya matso tsakiyar hanya. Ya kuma san amalanken shanu da ke dawowa daga gona bayan magariba babu ko ƙyalli a jikinsu. Direban da caji ya mutu masa, fitilarsa na dushewa a hankali, ba ya ganin amalanken sai ya iso kansa.

A Gidan Rumji abin ya fi haka nauyi. Tun 2019 gundumar ke karɓar ƴan gudun hijira daga Najeriya, kuma kowa ya san halin da ƙauyukan bakin iyaka ke ciki da ɓarayin shanu da masu satar mutane. Motar da ta mutu a dajin nan da dare saboda kan batir ya kwance, da mata da yara a bayanta, maganarta ta wuce ta makanike. Ina roƙon a saka wannan cikin lissafi duk lokacin da kuka zauna taron tsaro.

Shawarata ita ce a kai dubawar inda motocin suke, wato tasha, ranar kasuwa, da safe kafin a yi lodi. Kowane gari cikin garuruwanku na da masu gyaran wayar mota da suka san aikinsu. Ku zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi, a zaɓi amintattu, a ba su aikin duba abu kaɗan: akwatin fis, ɗaurin batir, fitilun gaba biyu, jar wutar birki, da duk wayar da aka ƙara. Wannan ba ya cin lokaci mai yawa. A fara da gyara, tara ta biyo baya ga wanda aka gargaɗa ya ƙi. Ina jaddada wannan ne domin idan aka fara da tara, direba zai koyi kauce wa shinge ta hanyar daji, kuɗin da zai sayi fis kuma ya tafi wani wuri. Yawancin masu motocin nan ba mugaye ba ne. Ciniki ne ya yi ƙaranci, kayan gyara suka yi tsada tun da hanyar Kwatano ta toshe a 2023.

Masu gyaran su ma suna bukatar a taimake su. Da yawansu a gindin maigida suka koya, da ido da ɗan kwan gwaji. Akwai cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, akwai asusun FAFPA da aka kafa don horar da masu sana'a, akwai hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurran hanya. Ku ne ke da bakin da za su ji. Horo na ƴan kwanaki kan auna wuta da na'ura, zaɓen kaurin waya da haɗa ta yadda ya kamata zai canja aikin gareji guda har da yaran da ke ƙarƙashinsa.

Abu ɗaya ne nake ganin bai kamata a yi masa sassauci ba: haɗa fetur da fasinja a bayan mota ɗaya. A nan a hana kai tsaye, sarakuna da limamai su taya faɗa. Kuma tunda motar kashe gobara ba za ta iso ƙauyen da ke cikin rairayi a kan lokaci ba, a wajabta wa kowace motar haya ƴar tukunyar kashe wuta mai aiki, da makunnin da ke yanke wuta daga batir, kusa da hannun direba. A koya wa karen mota cewa wutar fetur da ƙasa ake rufe ta, ruwa watsa ta yake yi.

Ina roƙon a fara da tasha guda a kowace gunduma kafin kakar bana, lokacin da lodi ke ninkuwa kuma tafiyar dare ke yawaita, a riƙa rubuta abin da aka samu a kowace mota domin ku ga girman matsalar da idonku.

Allah ya taya ku riƙo, ya kiyaye matafiya.

Wassalam,
Wani ɗan jihar Maraɗi