Shekarar 999 da Ma'aunin Sahihancin Littattafan Kasuwa

Matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Tudun Wada da Doguwa ba zai rasa cin karo da sunan Bagauda ba: ga madatsar ruwa a ƙasar Bebeji, ga reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Haka nan da wuya ya buɗe ɗan littafin tarihin Kano na kasuwa bai tarar an rubuta cewa Bagauda ya hau sarauta a shekarar 999 ba, kai ka ce a gaban marubucin aka yi naɗin.

Wannan adadi yana da asali. Kundin Tarihin Kano na Larabci tsawon mulkin sarakuna yake bayarwa. H. R. Palmer ne, da ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, ya yi lissafi da baya har ya kai ga 999. Kundin ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello, kuma manazarta irin su John Hunwick sun danganta tsara shi da ƙarshen ƙarni na 19. Ke nan tsakanin Bagauda da mai rubutun akwai kusan shekara 900. Ƙiyasi ne mai amfani, amma da ya yi ta yawo daga littafi zuwa littafi, sai kalmar "wajen" ta faɗi a hanya, ƙiyasi ya koma yaƙini.

Da abin ya tsaya ga shekarun sarakuna, da asarar ba ta taka kara ta karya ba. Amma ɗabi'ar ta mamaye littattafan magunguna da na zaman aure da na hanyoyin samun arziki, inda "masana sun gano" ke zama hujja, alhali ba a ambaci masani ko ɗaya ba. Mai ciwon sukari a Kiru da ya ajiye maganin asibiti saboda shafi guda na irin wannan littafi, da lafiyarsa zai biya.

Ma'aunin tantancewa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malaman hadisi sun daɗe suna bin isnadi kafin su karɓi matani. Tambayoyi uku sun isa: wane ne ya faɗa, daga ina ya samo, kuma me zai ci idan aka gaskata shi? Littafin da ya zayyana cuta, sannan ya rufe da tallar maganin marubucinsa, ya riga ya amsa ta ukun.

Wasu za su ce wannan aikin Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano ne, wadda aka kafa a 2001. Sai dai idonta ya fi karkata ga tarbiyya, kuma littafi kan iya kuɓuta daga batsa ya cika da ƙarya. Hani ma ba ya koya wa mai karatu rarrabe tsaki da tsakuwa.

Nauyin yana kan sassan nazarin Hausa na jami'o'i. An yi nazari mai yawa a kan ƙagaggun labaran kasuwar Kano, an bar zube na zahiri a baya, alhali shi mutane ke aiki da shi a gidajensu. Ya kamata mujallun ilimi su ware fili na sharhin waɗannan littattafai da Hausa mai sauƙi, a kuma ɗora ɗalibai a kan bin diddigin da'awoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Littafin da ya tsallake wannan siraɗi a yaba masa a fili, domin masu sayarwa da masu saye su san shi.